Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Siffar Daimon da Salon Zoben Baiko

Tun da samari suka fara sa zobe cikin kayan baiko a nan Damagaram, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawo mini, wasu a gida, wasu ta waya daga wanda ke tsaye gaban kanti a Kano ko Dubai, kuɗi a hannu, kai a ɗaure. Na daɗe ina haɗa wa mutane kayan lefe da na zinariya, shi ya sa na tattara su wuri guda. Abin da nake kira daimon shi ne dutsen da wasu ke ce wa lu'ulu'u. Na kauce wa wannan kalmar ne don kada a haɗa shi da farin lu'ulu'un da ake cirowa daga teku.

Zoben baiko na daimon al'adarmu ce? Dole ne sai da shi?

Ba dole ba ne, kuma ba mu gaje shi ba. Baikonmu goro ne da alawa da kuɗin da manya suka kai, a yi addu'a a shafa. Zoben daimon daga Turai ya fito. Wanda tarihi ya fi ambata shi ne wanda Maksimiliyan na Ostiriya ya bai wa Mariya ta Burgundi a 1477, kuma bai zama ruwan dare ba sai bayan tallar da kamfanin De Beers ya kafa a Amurka a 1947.

Kyauta ce, ba ta ɗauke sadaki, sai fa in waliyyai sun amince an ambace shi a matsayin sadaki. Wanda ba shi da hali kada ya ci bashi a kansa. A hadisin da Buhari ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce wa sahabin da ya rasa abin sadaki ya je ya nemo ko da zoben ƙarfe ne. In kuma ka saya, ƙanena, gidaje da yawa sun fi son ya shigo cikin kayan da gwaggonninka za su kai, ba kai ka kama hannun yarinya ka zura mata ba.

Mene ne bambancin siffa da yanka? Masu kanti suna ta faɗin su kamar abu ɗaya ne.

Siffa ita ce abin da ido ke gani in an dubi dutsen daga sama: kewayayye ne, ko mai kama da ƙwai, ko mai kusurwa huɗu. Yanka kuwa gwanintar da aka yi ce wajen fere fuskokinsa, da zurfinsa, da yadda kusurwoyinsa suka daidaita. Haske yana shiga ta saman dutse, ya bugi fuskokin ƙasa, ya dawo ido. In dutsen ya yi zurfi da yawa ko ya yi faifai, hasken sai ya zube ta gindi, dutsen ya yi dishi-dishi komai girmansa. Siffa ra'ayin amarya ce. Yanka kuwa shi ne inda ban yarda a yi rowa ba.

Me ya sa kewayayye ya fi yawa a kantuna, ya kuma fi tsada?

Domin shi ya fi kowanne walƙiya. Yana da fuskoki 57 ko 58, kuma lissafin kusurwoyinsa ya samo tushe ne daga aikin da Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu yankan daimon na Antwaf, ya wallafa a 1919. Tsadarsa kuma daga ɓarna take: kafin a fitar da kewayayye daga ɗanyen dutse, sama da rabinsa ke tafiya a fira. Ga shi kowa shi yake nema.

Yana da wasu alfanu biyu da ba a cika faɗa ba. Ba shi da tsini ko kusurwar da za ta ɓalle, kuma shi ne siffar da GIA, cibiyar tantance duwatsu masu daraja ta Amurka, ta saba bai wa makin yanka a takardar shaidarta, don haka wanda bai san daimon ba yana da abin dogaro. In ba ka san ra'ayin amarya ba, ba ka kuma da wadda za ta jiyo maka, kewayayye ya fi wuyar jawo da-na-sani.

Ina son mai tsawo, irin ƙwai ko ɗigon ruwa. Me zan duba?

Uku ne 'yan gidan nan: mai siffar ƙwai, mai siffar ɗigon ruwa wanda gefe ɗaya ke da tsini, da mai tsini biyu kamar ƙwallon dabino, wanda masu kanti ke kira markiz. Dukkansu suna shimfiɗuwa a kan yatsa, sai su fi kewayayye cika ido ko da nauyinsu ɗaya, kuma galibi sun fi shi sauƙin kuɗi. A ƙwai, tsawon da ya kai faɗi sau 1.35 zuwa 1.50 shi ne mutane suka fi so. Markiz kuwa tsawonsa kan ninka faɗinsa biyu.

Aibinsu ɗaya ne, kuma takarda ba ta nuna shi. A tsakiyar dutsen akan sami wata baƙar inuwa da ta gitta, kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai. Kaɗan daga cikinta ba laifi, kusan kowanne yana da ita, amma in ta yi duhu har ta raba dutsen gida biyu, ajiye shi. Sai an juya dutsen a hannu ake gane ta. In aike za ka yi, a ɗauko maka bidiyo ana juya shi a hasken rana, ba ƙarƙashin fitilun kanti ba, don waɗannan fitilu ko kwalba aka sa musu sai ta yi ƙyalli. A duba kuma kafaɗun ɗigon ruwa su zama daidai, tsinin ya tsaya a tsakiya.

Batun tsini kuwa, a karanta amsar da ke magana kan aikin gida kafin a yanke shawara.

Masu kusurwa huɗu fa? Na ga ba iri ɗaya ba ne.

Gida biyu ne. Akwai masu walƙiya irin ta kewayayye: firinses, mai kaifin kusurwa huɗu, wanda ya bazu wajen 1980, da mai siffar matashin kai, wanda aka lanƙwasa kusurwoyinsa. Na biyun ya fi kwanta mini, don yana da taushin gani kuma ba shi da kaifin da zai ɓalle.

Sai masu yankan matakala, wato yankan zumurrudu da ɗan'uwansa Asscher, wanda aka ƙirƙiro a Amsadam a 1902. Waɗannan fuskokinsu dogaye ne jere da juna kamar matakalar bene. Ba sa tartsatsi, haskensu kwance yake kamar ruwa a randa. Mace mai son abu natsattse za ta ƙaunace shi, amma wadda ke jiran zoben da zai haska rumfar biki za ta ga kamar an rage mata. Kuma da yake ana hango cikinsa tar, ba ya ɓoye tabo ko kaɗan, kamar yadda zan yi bayani a amsar launi da tsabta.

Wace siffa ta dace da wane irin yatsa?

Gajeren yatsa mai kauri yana son dutse mai tsawo da siririn zobe, don suna ƙara masa tsayi a ido. Dogon siririn yatsa kusan komai yana ɗauka. Wannan ke nan, kuma ban ɗauke shi doka ba. Abin da amarya ke sawa a kunne da wuya ya fi gaya maka gaskiya: mai son manyan sarƙoƙin Dubai ba za ta gamsu da ɗan dutse tilo ba, wadda kullum ɗan ƙaramin ɗankunne ne a kunnenta kuwa babban zobe nauyi zai yi mata.

Amaryata za ta yi girki da wanki da sauran aikin gida. Wane salo zai jure?

Da wannan tambayar ya kamata a fara, amma ita ake yi a ƙarshe. Hotunan da ake gani a waya hannuwa ne da ba sa tuƙa tuwo, ba sa ɗaukar jarka, ba sa sa hijabi sau biyar a yini. Daimon ya fi kowane dutse na halitta tauri, shi ne na 10 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, amma taurin nan na ƙin karcewa ne. Yana da jijiyar da in aka buge shi daidai kanta sai ya ɓalle, kuma tsini da kusurwa ne ke fara tafiya. Na taɓa riƙe zoben wata amarya mai markiz wanda tsininsa ya gutsure a bakin turmi tun ba ta cika wata uku a ɗaki ba. Na ji zafin abin sosai, don da an rufe tsinin tun farko da bai faru ba.

Ɗaurin dutse iri biyu ne manya. Akwai na farata, inda ƙananan ƙafafu huɗu ko shida ke riƙe dutsen a sama, irin wanda kamfanin Tiffany ya fito da shi a 1886 da farata shida. Yana barin haske ya shiga ta ko'ina, amma yana kama zaren hijabi da leshi da gashin kitso, kuma kowane kamu yana ɗan buɗe farcen. Shida sun fi huɗu aminci: in ɗaya ya karye, biyar na riƙe. Sai ɗaurin ƙawanya, inda siririn bangon zinariya ke zagaye ƙugun dutsen gaba ɗaya. Yana ɗan rage walƙiyar gefe, amma ba ya kama tufafi, ba ya yagar fuskar jariri, kuma yana kare dutsen. Ga malamar asibiti, ko mai ɗinki, ko duk wadda ba za ta riƙa cire zobe ba, shi nake zaɓa mata ba tare da wani dogon tunani ba.

In an nace sai mai tsini, a tabbata an rufe kowane tsini da farce mai baki biyu wanda ya rungume shi, kuma dutsen ya zauna ƙasa-ƙasa kusa da yatsa. Salon da ake zagaye babban dutse da ƙananan 'ya'ya yana ƙara masa girma a ido yana kuma kare gefensa, sai dai 'ya'yan suna zubewa ɗaya-ɗaya, kuma ƙullu da ƙurar hunturu suna maƙalewa a tsakaninsu.

Zinariya 21 muka sani. Me ya sa zobban daimon suke zuwa a 18?

Saboda laushi. Zinariya tsantsa, wato 24, farce ma yana iya yi mata alama. Ta 21, wadda ake buga wa lamba 875, har yanzu tana da laushi, faratan da aka yi da ita suna lanƙwashewa su saki dutse. Ta 18, mai lamba 750, kashi uku cikin huɗu zinariya ce, sauran kuma ƙarafan da ke ƙara mata ƙarfi. Don haka in Hajiya ta ga 750 a cikin zobe, ba ha'inci aka yi wa 'yarta ba, abin da ya dace da aikin ke nan. A gaya wa iyaye tun da wuri, kafin a buɗe kaya gaban jama'a.

Farar zinariya kuma zinariya ce da aka gauraya aka shafe ta da wani ƙarfe mai suna rodiyom. Shafen yana gogewa da amfani, sai rawaya ta fara leƙowa, a sake shafawa. Kafin ka saya, ka san inda za a sake maka. Ga kuma wani abu: a idon mutanenmu da yawa, farin zobe azurfa ce. Jar zinariya ba ta buƙatar shafe, ba ta buƙatar bayani, tana kuma hawa fatarmu da kyau.

Karat nawa ya isa?

A lura, karat ɗin zinariya tsabta yake aunawa, na daimon kuwa nauyi: karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar ne na giram. Kewayayye mai karat ɗaya faɗinsa kusan milimita 6.5 ne, mai rabin karat kuma ɗan sama da milimita 5. Farashi yana tsalle a kan cikakkun lambobi, rabi da ɗaya da biyu. Dutse mai 0.90 ido ba ya raba shi da mai 1.00, amma aljihu yana rabawa. Tambayi faɗinsa a milimita, don wani dutsen nauyinsa a gindi ya taru inda ba mai gani. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai: ƙaramin da aka yanka da kyau ya fi babban da ya mutu.

Haruffan launi da tsabta sun rikita ni. A ina zan iya sassautawa?

Launi yana farawa daga D, fari tas, ya gangara zuwa Z mai rawaya. In za a ɗaura dutsen a jar zinariya, biyan kuɗin D asara ce, domin zinariyar za ta aro masa launinta. I ko J, kai har K a kewayayye, suna fita fes. A farar zinariya kuwa gara a tsaya wajen G ko H. Ɗigon ruwa da markiz suna tara launi a tsininsu, a ɗan haura musu mataki ɗaya.

Tsabta tana auna tabon da ke cikin dutse ne da madubin da ke girmama abu sau 10, daga FL marar tabo, zuwa VVS, VS, SI, har I mafi tabo, kuma ana ƙara wa haruffan lamba don ƙananan matakai, kamar VS1 da VS2. Abin da ke gabanka shi ne kada ido tsirara ya ga tabo. A siffofi masu walƙiya, VS2 ya wadatar, SI1 ma sau da yawa yana wucewa in ka duba da kanka. A yankan zumurrudu da Asscher kada a sauka ƙasa da VS2. Tsagar da ta kai bakin dutse ko ta zauna a kusurwar firinses kuwa a guje ta, ko da ba a ganinta, don nan ne zai karye.

An ce akwai daimon na masana'anta. Jabu ne?

Ba jabu ba ne. Sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, taurinsa ɗaya, walƙiyarsa ɗaya. Kamfanin General Electric ya fara haɗa shi a Amurka a 1954, yau kuma ya cika kasuwa, farashinsa ƙasa ƙwarai da na haƙa, kuma yana ta sauka. Ga saurayin da ke haɗa lefe da kuɗin haya a lokaci guda, ban ga aibinsa ba, muddin an sayar masa da sunansa, shi ma ya faɗa wa amarya gaskiya.

Waɗanda suke kama da daimon amma ba shi ba ne su ne mosanait da zirkon ɗin kanti. Mosanait yana da tauri, 9.25, yana jure amfani, walƙiyarsa ta fi yawan launukan bakan gizo. Zirkon kuwa bai wuce 8.5 ba, yana dusashewa da shekaru. Sayen su da saninka ba laifi ba ne. Laifin shi ne a karɓi kuɗin daimon a ba ka su.

Ta yaya zan tabbatar ba a cuce ni ba, musamman in aike na yi?

Manta da karce gilashi, duwatsu da yawa suna karce shi. Ƙaramar na'urar da masu kanti ke dangwala wa dutse ta yi ƙara ma, irin mai auna zafi kaɗai, mosanait yana ruɗinta, kuma ba ta raba na ƙasa da na masana'anta. Abin dogaro shi ne takardar shaida daga cibiyar da ba ta mai kantin ba: GIA ta Amurka, ko IGI ko HRD na Antwaf. Takardar tana da lamba. Shiga shafin cibiyar a intanet ka sa lambar ka ga ko siffa da nauyi da faɗi sun yi daidai. Yawancin irin waɗannan duwatsu an zana musu lambar a ƙugu da leza, sai ka ce a ba ka madubi ka karanta da idonka.

Zuwa da kai ya fi saƙo, amma in alhaji ko hajiya za ka ba sautu zuwa Jidda ko Dubai, a turo maka hoton takardar kafin a biya. Rasit ya nuna nauyin zinariya daban, nauyin dutse daban, da ko na ƙasa ne ko na masana'anta. Wanda ya kawo maka sako-sakon dutse a ƙunshin takarda yana cewa daga wata ƙasa aka fito da shi a ɓoye, ga shi da araha, ka ba shi haƙuri. Araha ba ta ado.

Yaya zan san girman yatsarta?

Nemi ƙanwarta ko aminiyarta ta aro maka zoben da take sawa a wannan yatsan, maƙeri ya auna. A lissafin Faransa lambar zobe ita ce kewayensa a milimita, kamar 52 ko 54, kuma 52 shi ne kusan 6 a lissafin Amurka, don haka ka faɗa wa mai kanti da wanne kake magana. Yatsa yana kumbura a zafin Afrilu da Mayu, ya saki a sanyin Janairu, a bar masa 'yar sarari. Zoben da aka jera wa duwatsu a duk kewayensa da wuya a rage shi ko a ƙara, a guje shi in ba a tabbatar da awo ba.

Alwala da lalle fa? Wane hannu za ta sa? Ango ma zai sa nasa?

A mazhabar Malikiyya, zoben da shari'a ta halatta wa mutum ba dole ba ne a motsa shi wajen alwala, mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi malaminsa. Sa shi a hannun hagu al'adar Turawa ce, ba ta hau kanmu ba. Hagu na tsarki ne, dama na tuwo da miya, kowanne da abin da zai shafa wa zobe, amarya ta zaɓa. Daimon yana son maiƙo, man shafawa da man girki suna manne masa su kashe haskensa. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsohon buroshi mai laushi sun isa, a cikin kwano, ba a bakin rariya ba. A cire shi ranar ƙunshi da ranar wanki da ruwan jabel.

Ango kuwa zinariya haramun ce gare shi, ja ko fara. Azurfa ce tasa, kuma Malikiyya sun iyakance ta da nauyin dirhami biyu. Wannan ba sai an je Dubai ba, maƙeran azurfa na garin nan, Buzaye da Hausawa, sun fi ƙarfin aikin.

Daimon ajiya ne kamar zinariya?

A'a, kuma ina so kowace uwa ta ji wannan. Mun saba zinariya ita ce asusun mace: rana ta ɓaci, a ɗora a sikeli, a ba ta kuɗin giram na ranar. Daimon ba haka yake ba. Da wuya a mayar da kuɗin da aka saye shi, na masana'anta kuwa abin ya fi muni, kuma mai sayen zinariya yakan cire nauyin dutse ne ya biya na ƙarfen kaɗai. In burin shi ne a bar wa yarinya abin da za ta jingina da shi, a sa yawan kuɗin a sarƙa da awarwaro, zoben ya zama na ado da ƙauna. A adana takardarsa tare da shi, don dutse marar takarda ya fi faɗuwa.

Zan iya sayo dutsen kaɗai maƙerin gida ya ɗaura mini?

Za ka iya, amma ƙira daban, ɗaurin dutse daban. Maƙerin da ya gwanance a zubi da zane ba lallai ya saba da farata ba. Ce masa ya nuna maka zoben da ya ɗaura wa dutse wanda ya shekara a hannun mai shi. Ɗaurin ƙawanya ya fi kusa da aikin da maƙeranmu suka gada, don da shi suke riƙe duwatsu a zobban azurfa. Ka zauna a yi a gabanka, a karanta lambar ƙugu kafin aiki da bayansa, kuma kada a kai harshen wuta kan dutsen, domin zafi mai tsanani yana ƙona fuskarsa ta yi hazo.

Bayan an gama, amarya ta riƙa gwada shi lokaci-lokaci: ta kai zoben kusa da kunne ta ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa. In ta ji motsi, ko ta ga farce ya fara jan zaren mayafi, ta cire shi ta ƙulle a hankici har sai an kai wa maƙeri ya matse.